Me ya sa manhajar Vox AC30 ba ta ba ni sautin da nake ji a faifai?

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo a Zariya, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki. Na sa manhajar da ke kwaikwayon amfilifayar Vox AC30, amma idan na jona jita sai sautin ya fito siriri, yana tsatsa. Manhajar ce ƙarya, ko dole sai na sayi ta gaske?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin kashe kuɗinka. Manhajojin yanzu sun yi nisa, matsalar galibi kafin manhajar take, ko bayanta.

Ita AC30 a Ingila aka ƙera ta a ƙarshen shekarun 1950. Tana da bawul huɗu (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti) samfurin EL84 masu ba da kimanin wat 30, da lasifika biyu masu inci 12. Daɗinta shi ne idan ka taɓa tsirkiya a hankali sautin ya fito garau, idan ka daka da ƙarfi ya ɗan dushe. Da ita mawaƙan Beatles suka yi tashe, ita ce kuma ta Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar Queen.

Hanya biyu ake kwaikwayonta. Manhajojin AmpliTube da Guitar Rig suna lissafa yadda wuta ke bi ta kayan cikinta, don haka kowane maɓalli yana aiki. Neural Amp Modeler kuwa, wadda kyauta ce, sauraron amfilifaya ta gaske take yi ta koyi halinta, amma a saitin da aka ɗauke ta kaɗai.

Fara da inda jitar ke shiga. Jita tana son mashiga mai turjiyar kusan megohm 1. Idan sawunkad ɗinka (na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta) irin Focusrite Scarlett ne, danna maɓallin INST, shi ke mai da mashigar ta zama ta jita. In ba haka ba, saman sautin ya tafi tun kafin ya kai kwamfuta. Sannan ka rage ƙarfin shiga. Mutane da yawa suna murɗa shi har fitila ta yi ja, sai manhajar ta ɗauka kullum dukan tsirkiya ake yi, taushin nan da aka san AC30 da shi ya ɓace.

Tsatsar da kake ji kuma, ina kyautata zaton kwaikwayon lasifika ne babu a manhajar. Lasifikar jita ta gaske tana danne abin da ya haura kimanin kilohaz 5, ita ke tace kaushin. Duba ko sashen akwatin lasifika a kunne yake, ko ka loda fayil ɗin IR (fayil mai ɗauke da halin sautin lasifika) na lasifikar Celestion Blue. A ganina rabin sautin a nan yake. Matsar da makirufon manhajar daga tsakiyar lasifika zuwa gefe kaɗan, za ka ji bambanci nan take. Akwai kuma maɓallin Cut, wanda ke aiki a juye: ƙara shi rage kaifi yake yi.

Idan sauti na makara bayan ka kaɗa, yi amfani da direban ASIO na sawunkad ɗin (manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta da sauri), ka sa bafa, wato saitin da ke ƙayyade jinkirin, a 128. Idan kuma gurnani kake ji, musamman kan janareta, zare cajar laftof ka gwada da batir.

Abu ɗaya ne manhaja ba za ta ba ka ba: iskar da lasifika ke bugowa a jikinka cikin ɗaki. Abin da take kwaikwayo shi ne amfilifayar da aka riga aka ɗauka da makirufo, wato ainihin abin da kake ji a faifai. Don haka ka auna ta tare da ganga da bes a cikin waƙar, ba ita kaɗai a hedifon ba.