Iska da tamfol: wa ke tura wani?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne a nan Kano. An ba ni aikin kwaikwayon yadda iska ke kaɗa rufi a kwamfuta. Me zai hana in lissafa ƙarfin iskar, in ɗora shi kan rufin, shi ke nan?

Amsa: Ƙanena, in rufin kankare ne, yi hakan, ba laifi. Amma ka leƙa Kantin Kwari ranar da hadari ya taso, ka kalli tamfol ɗin da aka ɗaure kan rumfa. Iska ta tura shi ya kumbura. Da ya kumbura, hanyar iskar ta sauya, matsinta ya ragu nan ya ƙaru can, sai ya faɗo ya sake tashi, fat-fat. Iskar da ka lissafa da farko ta riga ta zama wata.

Saboda haka dole lissafin iska da na tamfol su riƙa musayar bayani. Kwamfuta na yanka sararin iskar gida-gida kamar raga, ta warware lissafin Navier-Stokes, wato lissafin motsin iska da ruwa, a kowane gida, tamfol ɗin ma ta yanka shi gutsi-gutsi. A kowane ɗan taƙin lokaci, ɓangaren iska ya miƙa matsi, ɓangaren tamfol ya dawo da sabuwar siffa, ragar ta bi ta, a yi ta maimaitawa har su daidaita.

Inda ake jin jiki shi ne abu marar nauyi a cikin ruwa. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, kuma duk abin da ya motsa a ciki sai ya ja ruwan da ke gefensa. In sau ɗaya kacal ka yi musayar a kowane taƙi, lambobin sai su haukace. Bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa a cikin jini, haka yake. A kansa masanin lissafi Charles Peskin ya fito da dabararsa a 1972, inda ragar ke zaune wuri ɗaya, abin yana motsi a cikinta.

Kada ka ɗauka wasan lissafi ne. Gadar Tacoma a Amurka ta yi ta murɗewa cikin iskar da ba ta kai kilomita 70 a awa ba, har ta rufta a watan Nuwamba 1940, wata huɗu da buɗe ta.

Shawarata, fara da ƙyalle ɗaya mai kaɗawa. OpenFOAM, shirin kwamfuta mai lissafa motsin iska da ruwa, kyauta ne, zai riƙe maka ɓangaren iska. Kuma ka saita shi ya riƙa adana aiki akai-akai, don lissafin kan kwana yana tafiya, wutarmu kuwa ka san halinta.