Wasan Gano Mai Laifi: Wanne Za a Saya, Yaya Za a Shirya Zaman?

Tambaya: Mu goma ne, abokai tun muna makaranta, duk wata muna haɗuwa a gidan ɗayanmu. Cluedo, wasan allon nan na gano mai kisa, shi muke yi har ya gundure mu, ga shi mutum shida kawai yake ɗauka, sauran sai kallo. Wane wasan gano mai laifi zan saya wanda ba za mu gaji da shi ba bayan zama biyu?

Amsa: Ɗan'uwa, Cluedo ya yi iya ƙoƙarinsa. Wani Bature mutumin Birmingham, Anthony Pratt, shi ya ƙirƙiro shi lokacin yaƙin duniya na biyu, ya shiga kasuwa a 1949. Mutum shida ake zargi, makamai shida, ɗakuna tara, wato amsa 324 ce za ta iya fitowa. Amma kowacce ta fito aikin ɗaya ne: ka yi ta soke suna a takarda har ya rage saura ɗaya. Ba mai shirga maka ƙarya, ba wanda za ka tsare da ido ka ga ko zai daburce. Wannan rashin ne ya gajiyar da ku.

Kafin ka ciro kuɗi, ka duba inda amsar wasan take. Akwai wanda an buga amsarsa an rufe a ambulan cikin kwali, akwai wanda amsarsa tana cikin kan wani da ke zaune tare da ku. Na farkon shi ne irin How to Host a Murder da kamfanin Decipher ya riƙa fitarwa tun shekarun 1980: mutum takwas, kowa da ɗan littafinsa, kowa da sirrinsa. Yana da daɗi ƙwarai, amma na dare ɗaya ne, don da zarar an san wanda ya yi kisan an gama da shi. Na biyun asalinsa wasan Mafia ne, wanda Dimitry Davidoff ya tsara a Jami'ar Mosko a 1986: masu kisa suna ɓoye cikin 'yan wasa, da "dare" kowa ya rufe ido su kashe mutum ɗaya, da "rana" a yi musu a kaɗa ƙuri'a a fitar da wanda ake zargi. A nan labarin daga bakin 'yan wasa yake fitowa, shi ya sa ba ya tsufa muddin mutane ba su daina iya ƙarya ba.

Ku da kuke haɗuwa duk wata, na biyun ne naku. Da ni ne zan fara da Deception: Murder in Hong Kong. Yana ɗaukar mutum 4 zuwa 12, zagaye ɗaya kamar minti ashirin. A gaban kowa akwai katuna a buɗe, na makamai da na shaidu. A rufe ido, mai kisan ya nuna makami ɗaya da shaida ɗaya daga cikin nasa. Mutum ɗaya ne ya gani, shi ne mai binciken gawa, amma an hana shi magana. Sai dai ya ɗora alama a kan wasu alluna, ya nuna inda abin ya faru ko yadda aka sami gawar. Daga nan sai musu ya ɓarke, mai kisan kuma yana ciki yana taya ku nema, yana ta karkatar da zargi kan na kusa da shi. A zama ɗaya za ku iya yin zagaye huɗu, ba wanda zai yi kama da wani.

Tambaya: Muna yin Mafia, amma duk wanda aka fara fitarwa sai ya koma gefe yana latsa waya har a tashi. Ƙanwata ta ce ba za ta ƙara zuwa ba. Mene ne mafita?

Amsa: Ƙanwarki tana da gaskiya, 'yar'uwa. Wannan shi ne babban aibin Mafia tun asali, kuma masu tsara wasanni sun daɗe suna neman maganinsa. The Resistance, na 2009, ya cire fitar da mutum gaba ɗaya: mutum 5 zuwa 10, ana tura tawaga aiki, maciya amana suna ɓata shi a ɓoye, kowa yana nan har ƙarshe. One Night Ultimate Werewolf, na 2014, ya taƙaita komai zuwa dare ɗaya da ƙuri'a ɗaya, cikin kamar minti goma an gama an sake rabo. Blood on the Clocktower kuwa ya bar matattu suna magana, har ya ba kowannensu ƙuri'a ɗaya da zai ajiye zuwa lokacin da ya ga dama. A ganina shi ya fi duka zurfi, sai dai yana da tsada, kuma yana buƙatar mai jan ragama wanda ya zauna ya haddace dokoki. Kada ki fara da shi.

In ba kya son sayen komai, ki ari dabarar nan ta ƙarshe ki saka a Mafia ɗinku: wanda aka kashe ya rufe ido da dare kamar kowa, ya ci gaba da magana da rana, ƙuri'arsa ɗaya tak. Sannan ki sa agogo, minti uku ko huɗu na musu a kowace rana.

Tambaya: Ina so in shirya wa maigidana zaman irin wanda kowa yake shiga rigar wani a labari, mu kamar goma sha biyu. Ban taɓa yi ba, tsoro nake kada abin ya yi lami.

Amsa: Hajiya, rabin aikin tun wajen saye ake yin sa. Ki karanta bayan kwalin ko shafin mai sayarwa da kyau. Wasu an tsara su a karanta zagaye bayan zagaye, kowa yana zaune, littafi yana gaya masa abin da zai fallasa da abin da zai ɓoye sai an matsa masa. Wasu kuma a sake suke, ana yawo ɗaki ɗaki, kowa da burinsa, ana ƙulla yarjejeniya ana cin amana. In baƙinki masu kunya ne ko ba su san juna sosai ba, ki ɗauki na karantawa. Sakakken sai waɗanda bakinsu ba ya mutuwa.

Ki kuma duba ko mai shirya zaman zai iya shiga wasan ba tare da ya san amsa ba. Ni dai shawarata, a karon farko ki haƙura da shiga. Ki karanta komai har ƙarshe, ki san mai laifin, ki zama ke ce mai riƙe da akala. A ƙasar Sin, inda irin wannan wasa da suke kira jubensha ya bunƙasa bayan wani shirin talabijin na 2016, jan ragamar wasan sana'a ce da ake biyan mutum a kanta, kuma zama ɗaya yakan ci awa huɗu ko fiye. Ba a banza suke biya ba. Mai jan ragama shi yake lura cewa wance ta yi shiru tun ɗazu ya jefa mata tambaya, shi yake sakin sabuwar shaida idan hira ta fara sanyi. Karantawar tana da wani amfanin kuma: yawancin labaran nan cike suke da giya, caca da neman matan aure, don ta nan marubutan suke samo dalilin kisa. Gara ki gani tun da wuri, da a ce sai a tsakiyar zama surukinki ya buɗe takarda ya tarar an ba shi rawar da zai ji nauyin furtawa.

Wajen rabon rawa, mutane sukan miƙa mai laifi ga wanda ya fi kowa surutu. Kuskure ne, don shi za a fara zargi. Ki ba mai natsuwa wanda ba ya saurin dariya. Manyan rawa ki ba waɗanda kika tabbata za su zo kuma a kan lokaci, domin in mai riƙe da babbar shaida bai zo ba labarin ya karye. Wasanni da yawa suna da ƙarin 'yan wasa waɗanda labari zai tafi ko babu su; waɗannan ki ajiye wa masu cewa "zan duba in gani". Ki aika wa kowa bayanin rawarsa mako guda kafin ranar, amma kada ki matsa kan sutura, hula ko tabarau ma ya isa. A ci abinci kafin a fara, don ba a bin diddigin shaida da cokali a hannu. Bayanin dokoki kada ya wuce minti biyar. A ƙarshe kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa a takarda kafin a buɗe ambulan, in ba haka ba da an faɗi amsa kowa zai rantse dama shi ya sani.

Tambaya: Na ga ana sayar da irin waɗannan wasanni na hannu da araha. In saya?

Amsa: Ya danganta, Malam. Jerin Exit na kamfanin Kosmos, da aka fara a 2016, sai an yanka katuna, an naɗe, an yi rubutu a kai kafin a warware shi, don haka na hannu ba shi da amfani ko kyauta aka ba ka. Unlock!, da ya fito a 2017, ba a lalata komai a cikinsa; katuna ne da manhajar waya, za ka iya saye ka yi ka miƙa wa wani. Na labari mai littattafai kuwa, ka ƙirga littattafan su cika, ka duba ba a yi rubutu a ciki ba, kuma takardar amsa tana nan. Ka tuna yawancinsu karatu ne mai yawa da Turanci ko wani harshen Turai, har da wasa da kalmomi. In a cikinku akwai wanda karatun zai wahalar, ka nemi na hoto, irin MicroMacro: Crime City na 2020, wanda babbar taswirar gari ce ake bin sawun mai laifi a kanta da ido. Shi ma ka tabbata taswirar ba ta yage ba, kuma ba wanda ya zagaye amsoshin da biro.