Kwamfuta 14 a hannun mutum ɗaya: ko Windows na iya ɗora kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a unguwar Zariya, nan cikin Maradi. Kwanan nan na sayo kwamfutoci 14 na hannu: 10 HP ne na tebur, duk samfuri ɗaya, 4 kuma laftof ne, kowace da kamfaninta. Ɗora Windows a guda ɗaya, har da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sauti, allo da sauran sassanta su yi aiki) da manhajoji, wuni guda yake ci mini, ga data tana ta ƙarewa. Ban da haka mutane suna kawo mini nasu in gyara. Na ji an ce akwai yadda ake yi kwamfuta ta ɗora wa kanta komai ba sai an zauna ana danne-danne ba. Gaskiya ne? Kuma me ya kamata in yi wa kowace kafin in sakar wa ɗalibai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a wurin. Gaskiya ne, akwai hanya, kuma ba ta buƙatar ka kashe ko dala wajen sayen manhaja. Sai dai abin da ke gabanka aiki iri uku ne, kuma kowane da tasa hanyar: HP ɗin nan 10 daban, laftof 4 daban, kwamfutocin mutane kuma daban. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a wannan sana'a tana zuwa ne daga ɗaukar hanya ɗaya a yi wa kowa da ita.

Kafin maganar ɗorawa, sai ka san wace Windows ɗin za ta hau. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, wato gyare-gyaren tsaro na yau da kullum sun tsaya. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla giga 4, diski giga 64, ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da firosesa Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Gane ƙarnin Intel ba wuya: i5-6500 na 6 ne, i5-8500 na 8 ne. Da yawa daga cikin kayan hannu da ke shigo mana ƙarni na 6 ne ko na 7. Ana iya tsallake sharuɗɗan a tilasta mata hawa, kuma tana aiki, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. In naka tsofaffi ne sosai, ka yi tunanin Linux Mint 22, wadda za a ci gaba da kula da ita har 2029, kuma tana zuwa da LibreOffice da Firefox a shirye. Amma na san iyaye da ɗalibai Word da Excel suke biya a koya musu, don haka zan ci gaba da maganar a kan Windows.

Duk tambayoyin da Windows ke yi maka lokacin ɗorawa, na harshe, kibod, diski, sunan asusu, ana iya rubuta amsarsu tun da wuri a cikin fayil ɗaya mai suna autounattend.xml. In ka ajiye shi a farkon filashin ɗorawa, ba cikin wata folda ba, Windows da kanta take nemansa ta karanta. Abin da ta tarar da amsarsa ba ta ƙara tambaya, abin da ka bari kuma sai ta tsaya ta tambaye ka. Wannan na biyun ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Ba sai ka rubuta fayil ɗin da hannu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce Rufus, manhajar da ke shirya filashin ɗora Windows. In ka zaɓi ISO ɗin Windows, wato fayil ɗin da ke ɗauke da ita, ka danna farawa, yana fito maka da ɗan akwati mai zaɓuɓɓuka: buɗe asusu na cikin kwamfuta da sunan da kake so, cire tilascin asusun Microsoft, tsallake tambayoyin tattara bayanai, kwafe tsarin harshe da yanki daga kwamfutar da kake aiki a kai, da hana BitLocker kulle diski da kanta. Abin da ka zaɓa shi Rufus yake rubutawa a fayil ɗin amsoshi. Ga laftof ɗinka 4 da kwamfutocin mutane, wannan ya wadatar. Wanda yake son ya tsara komai dalla-dalla sai ya koma ga Windows System Image Manager, da ke cikin kunshin ADK na Microsoft.

A wannan fayil akwai abubuwa biyu da suka shafe mu nan Nijar musamman. Na farko kibod. Wanda ya zo daga Faransa ko Beljiyam AZERTY ne, wanda ya biyo ta Kano ko Katsina galibi QWERTY ne, kuma a shago ɗaya sai ka tarar da duka biyun. In fayil ya ce AZERTY alhali kibod ɗin QWERTY ne, ɗalibi zai danna A ya ga Q, kuma kalmar sirrin da ka sa ba za ta shiga ba ko da daidai kake buga ta. Lambar kibod ɗin Faransanci a fayil ɗin ita ce 040c:0000040c, ta Ingilishin Amurka kuma 0409:00000409. Ka dubi madannan kowace kwamfuta da idonka kafin ka soka filashi. Na biyu lokaci: sa W. Central Africa Standard Time. Kada ka bar ta a kan lokacin Paris, domin Faransa tana ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, mu kuwa ba ma canzawa.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. A cikin fayil ɗin ana iya umartar Windows ta share diski ta raba shi da kanta. Layi biyu ne ke yin wannan: DiskID mai lamba 0, da WillWipeDisk da aka sa wa true. Da zarar kwamfuta ta tashi daga wannan filashi, ba gargaɗi, ba tambaya, sai sharewa. Ga kwamfutocin ajinka wannan alheri ne. Amma ka ɗauka wata Hajiya ta aiko ɗanta da laftof a gyara mata sauti kawai, a ciki akwai lissafin bashin abokan cinikinta da hotunan auren ƴarta, sai yaron shagonka ya ɗauki filashin da ke kusa da hannunsa ya soka. Kafin ya waiwayo komai ya tafi. Kuma a kwamfuta mai diski biyu, ba kullum wanda kake zato ne yake zama na 0 ba. Saboda haka ka yi filashi biyu. Mai sharewa ka naɗa masa jan salatif, ka ajiye shi a aljihun tebur mai makulli. Na kullum kuma ka bar matakin diski babu amsa, domin Windows ta tsaya a nan ka zaɓa da kanka. Minti ɗaya ne zai ci maka. Haka kuma kada ka rubuta kalmar sirri ta gaske a fayil ɗin, don duk wanda ya buɗe shi zai iya gano ta. Sa ta wucin gadi, ka canza bayan an gama.

Ka ce wuni guda kake yi a kan kwamfuta ɗaya. In ka lura da kyau, ɗora Windows ɗin kanta a kan SSD, wato diskin zamani mai sauri, bai fi rabin awa ba. Abin da ke cinye wunin shi ne neman direbobi da sauke manhajoji, kuma shi ne mai cinye data. Maganinsa ka sauke sau ɗaya, ka ajiye. In kwamfuta ɗaya ta kammala, sauti da Wi-Fi da allo duk suna aiki, buɗe cmd, wato tagar buga umarni, a matsayin mai gudanarwa ka buga pnputil /export-driver * E:\direbobi, in E ce harafin filashinka kuma ka riga ka buɗe foldar. Zai kwafi direbobinta duka zuwa foldar. A kan ƴar'uwarta mai samfuri ɗaya sai ka buga pnputil /add-driver E:\direbobi\*.inf /subdirs /install. Kowane samfuri ka yi masa foldarsa da sunansa, a hankali za ka tara taska mai amfani. Wasu laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, in ka zo wurin zaɓar diski sai ka ga wayam kamar babu diski a ciki. Lafiyarsa lau, direban Intel RST ne babu. Sa shi a filashi cikin folda mai suna $WinPEDriver$, Windows za ta ɗauke shi da kanta.

Manhajoji ma haka. Ka sauko da cikakkun fayilolinsu daga shafin masu su, ka rubuta ɗan fayil na .cmd da zai kira su ɗaya bayan ɗaya. VLC da 7-Zip da Firefox duk suna shiga shiru in ka ƙara /S a bayan sunan fayil, waɗanda kuma suka ƙare da .msi, kamar LibreOffice, sai msiexec /i sunan fayil /qn. Akwai winget da ke sauko da manhajoji da umarni ɗaya, yana da daɗin aiki, amma kowace kwamfuta sai ta sake jan nata daga intanet, kuɗinka ne ke tafiya.

HP ɗin nan 10 kuwa, tunda iri ɗaya ne, kada ma ka ɗora musu ɗaya-ɗaya. Gyara guda ɗaya tsaf, ka kwafe ta a kan sauran, kamar yadda tela ke yanka samfuri ɗaya ya fitar da rigunan ƴan makaranta a kansa. In Windows ta gama hawa ta kawo allon farko na zaɓar ƙasa, danna Ctrl da Shift da F3 tare. Za ta shigar da kai ciki ba tare da an buɗe asusu ba. Sa direbobi da manhajoji daga filashi, kuma gara kada ka haɗa ta da intanet a wannan mataki, domin in manhajojin Store suka sabunta kansu sukan hana mataki na gaba tafiya. Sannan ka shiga C:\Windows\System32\Sysprep ka buga sysprep /generalize /oobe /shutdown. Wannan yana cire shaidar da ta keɓanta da wannan kwamfuta, don kada ka wayi gari da kwamfuta 10 masu suna ɗaya suna rikici a kan layi ɗaya. In ta mutu kada ka bari ta sake shiga Windows. Tashe ta daga filashin Clonezilla, manhajar kwafar diski, ka ɗauki hoton diskinta, wato cikakken kwafinsa, zuwa wani diski na waje, sannan ka sauke hoton a kan sauran 9. A HP madannin F9 ne ke kawo jerin abin da za a tashi da shi, a Dell da Lenovo F12. Sharaɗi ɗaya: diskin da za a sauke wa kada ya fi na asali ƙanƙanta, don haka ka gina samfurin a kan wadda diskinta ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Kuma ka adana hoton nan. Duk ƙarshen zango, ko ranar da ɗalibi ya hargitsa wata, cikin ƴan mintuna za ka mayar da ita yadda take.

Maganar lasisi, tun daga zamanin Windows 8 manyan kamfanoni suke binne makullin a cikin BIOS, wato manhajar da ke jikin kwamfutar kanta, kuma yawancin kayan ofis na hannu suna zuwa da shi. In makullin na Windows 10 ko 11 ne, ɗora irin wadda ta dace da shi, Home ko Pro, in ta ga intanet za ta kunna kanta. Ka guji ISO ɗin da aka yi wa kwaskwarima da manhajojin fasa lasisi da ake turawa daga filashi zuwa filashi. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma in ka yi samfuri da shi, cutar ta shiga duka 10 ke nan.

Sai abin da za ka yi wa kowace kafin ɗalibai su zauna. Fara da jikinta tun kafin manhaja: buɗe ta ka hure ƙura, domin ƙurar hunturu tana toshe fanka, sai zafin Afrilu da Mayu ya zo ya tarar da ita a shaƙe ta riƙa mutuwa da kanta. Duba lafiyar diski da CrystalDiskInfo, wanda ya nuna rawaya ko ja ka cire shi. In kwanan wata yana komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, ɗan batirin CR2032 ne ya mutu, kuma kwanan wata marar daidai yana hana shafukan intanet buɗewa, har mutum ya yi ta zargin layin waya. In akwai ɗan kuɗi a hannu, SSD za ka fara saya kafin komai, sai RAM ta kai giga 8. Na tebur suna buƙatar UPS, wato batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, ko da wadda kake aikin kwafi a kanta ce kaɗai, don ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi tana nufin a sake daga farko. Filashin da ka saya a kasuwa ma ka gwada shi da H2testw, akwai masu rubutun giga 64 a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba.

Ɗalibai kuma ka buɗe musu asusu na gama-gari, na mai gudanarwa ya zauna a hannunka kai kaɗai. Wannan kaɗai yana rage rabin wahala. Defender, manhajar kariya daga cuta da ke zuwa da Windows, ya isa, kada ka ƙara masa wani, amma ka tabbata yana samun sabuntawa ko da sau ɗaya a mako, saboda filashin ɗalibai yana yawo shagunan fotokofi yana kwaso cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. A saitin Windows Update akwai wurin da ake ba kwamfutocin da ke kan layi ɗaya izinin raba abin da ɗaya ta sauko, kunna shi a dukansu. In kuma kana so ɗalibai su rubuta Hausa da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, Windows tana da kibod ɗin Hausa a cikin jerin harsunanta. An gina shi a kan QWERTY, don haka a kibod ɗin AZERTY wasu haruffa za su sauya wuri, sai ka nuna musu tun ranar farko yadda ake komawa daga wannan zuwa wancan da madannin Windows da na tazara.