Yaren 'Yan Gem da Asalin Wasan Bidiyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana maza biyu suna zuwa gidan gem a unguwarmu idan sun taso daga Islamiyya, kuma ina jin suna jifan juna da kalmomi irin su "nub" da "lag" da "GG". Shin zagi ne? Sannan mahaifinsu yana cewa wayar hannu ce ta kawo wannan wasa, ko haka ne? Daga wata uwa, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da maganar maigida, domin wasan bidiyo ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun a 1958 wani masanin kimiyya mai suna William Higinbotham ya haɗa wasan tanis a kan wata na'urar auna lantarki a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, don kawai ya nishaɗantar da maziyarta. A 1962 Steve Russell da abokansa a jami'ar MIT suka rubuta wasan Spacewar! a kan kwamfutar PDP-1, wadda tsadarta ta sa sai manyan cibiyoyi ke iya mallakarta. Sai a 1972 abin ya kankama a kasuwa, shekarar da aka fitar da Magnavox Odyssey ta Ralph Baer, na'ura ta farko da ake jonawa da talabijin a gida, kamfanin Atari kuma ya fito da Pong, wasan da ake bugawa a akwatin da sai an jefa masa tsabar kuɗi yake aiki. Akwatin Pong na gwaji da aka ajiye a wata mashaya a Kalifoniya ya daina aiki ba da daɗewa ba, da aka buɗe shi sai aka tarar tsabar kuɗi ce ta cika ma'ajinsa.

Wannan tsabar kuɗin ce ta tsara yawancin abin da yaranki suka gada. Mai akwati ba ya son mutum ɗaya ya kwana a kai, saboda haka aka riƙa ba ɗan wasa "rai" ƙididdigagge, galibi uku, idan sun ƙare allo ya sanar da shi cewa wasa ya ƙare, sai ya sake jefa kuɗi ko ya ba wani wuri. Space Invaders, wanda kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1978, shi ya yaɗa al'adar adana maki mafi yawa a kan allo domin mai zuwa ya yi ƙoƙarin doke shi. Dokar nan ta gidajen gem na Agege da Idi-Araba, wadda ta ce wanda aka ci shi ne zai tashi, jikar wancan tsarin ce.

Kalmomin kuwa, babu ashar a cikinsu. "Nub" sabon shiga ne wanda hannunsa bai faɗa ba, kuma tsokana ce, ko da yake takan zama wulaƙanci idan aka matsa wa ƙaramin yaro da ita. "GG" haruffan farko ne na wata gajeriyar jimlar Turanci da ke nufin wasa ya yi kyau, kuma ta yi ƙarfi a wasannin intanet irin su StarCraft na 1998, inda wanda ya ga an fi ƙarfinsa yake rubuta ta don ya sallama cikin ladabi. A ganina wannan ɗabi'a ce da ta cancanci yabo.

"Lag" ita ce ta fi shafar mazaunin Legas. Jinkiri ne tsakanin lokacin da yaro ya danna maɓalli da lokacin da abin ya bayyana a allo, ana kuma auna shi da kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da yawancin waɗannan wasanni ba a Nijeriya suke ba, don haka saƙon yakan bi wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal a 2010, ya je ya dawo kafin ƙwallo ta motsa. Idan yaro ya ce lag ne ya sa aka ci shi, wani lokaci gaskiya yake faɗa, wani lokaci kuma uzuri ne kawai.

Abin da ya fi dacewa ki sa wa ido shi ne hirar da suke yi da baƙi a cikin wasannin intanet, da kuma sayayyar cikin wasa da ake cirar kuɗinta daga katin banki.