Dam ɗin Dadin Kowa zai iya girgiza ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne, gonata tana bakin kogi ƙasa da dam ɗin Dadin Kowa. Tun da aka fara samar da lantarki a wurin, mutane ke cewa nauyin ruwan zai girgiza ƙasa wata rana. Gaskiya ne? Kuma me wannan aiki yake yi wa ƙasarmu ta noma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar da ka ji tana da tushe. Dam yana iya tayar da girgizar ƙasa, kuma an gani. A watan Disamba na 1967 ƙasa ta girgiza a kusa da dam ɗin Koyna da ke Indiya, ƙarfinta ya kai 6.3 a ma'aunin girgizar ƙasa, mutum wajen 180 suka rasu. Haka aka yi ta jin girgiza a dam ɗin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, bayan an cika tafkin a farkon shekarun 1960. Lita dubu ta ruwa tan ɗaya ce, to ka kwatanta nauyin tafki guda. Amma abin da ya fi nauyin tasiri shi ne ruwan da ke kutsawa cikin tsofaffin tsagogin dutse can ƙarƙashi, ya sassauta riƙon da ɓangarorin biyu suka yi wa juna, sai su zame.

Sai dai Koyna da Kariba duk sun haura mita 100 a tsayi, kuma irin waɗannan masu zurfi ne aka fi samun matsalar a kansu. Dadin Kowa bai kai rabin tsayin Koyna ba. Gaskiya ne kwarin Gongola yana da tsofaffin tsagogi, domin reshe ne na kwarin Binuwai da ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce. Dutsen Bima da kake gani kullum yashin wancan zamani ne ya daskare. Amma yankinmu ba ya kan iyakar da manyan faifan ƙasa, wato manyan ɓangarorin dutse da nahiyoyi ke zaune a kansu, ke gogayya. Sannan tafkin yana nan tun 1984. Injinan megawat 40 da aka kafa daga baya ba su ƙara masa nauyi ba, ruwan da ke fita kawai suke amfani da shi. A ganina ka kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren, ko da yake ya dace a ce akwai na'urar auna motsin ƙasa a kowane babban dam.

Abin da ya fi damuna, kuma ya fi shafar gonarka, shi ne laka.

Gongola yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauchi, ya kewayo Gombe, ya faɗa Binuwai a Numan. Jan ruwan da yake kawowa da damina ƙasa ce da ya kwaso a hanya. A da, idan ya yi ambaliya ya janye, sai ya bar wa fadama sabon shimfiɗin laka, takin da ba wanda ya biya kuɗinsa. Yanzu da ruwan ya shiga tafki sai gudunsa ya mutu, yashi da laka su kwanta a gindi. Asara biyu ke nan. A sama, tafkin yana cikewa a hankali, wurin ajiyar ruwa yana raguwa, kuma dam ɗin da cikinsa ya ragu ba ya iya riƙe ambaliya kamar da. A ƙasa, ruwan da ke fitowa garau ne, yana da ƙarfi amma bai ɗauko komai ba, don haka sai ya ci gindin kogi da gaɓarsa. Idan ka ga bakin gonarka yana zaftarewa shekara bayan shekara, wannan yana cikin dalilai. Idan gindin kogi ya ƙara zurfi kuma, ruwan ƙarƙashin fadama yana binsa ƙasa, rijiyoyin lambu su yi nisa. Manoman Masar sun san wannan tun da aka kammala dam ɗin Aswan a 1970: lakar kogin Nilu ta daina isa gonakinsu, suka koma dogaro da takin zamani.

Akwai kuma lokacin sakin ruwa. Mai injin lantarki yana son tafki a cike, mai tsoron ambaliya yana son a bar gurbi kafin Agusta, mai noman rani yana son ruwa a Maris. Buƙatu uku a kan ruwa ɗaya, kuma wanda ke ƙasa da dam ne yake ɗaukar sakamakon duk shawarar da aka yanke. Ruwan da ya kwanta a magudanan ban-ruwa kuwa gidan sauro ne da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, don haka yaron da ya yi fitsarin jini a kai shi asibiti da wuri.

Duk da haka ba zan ce maka wutar lantarkin da ake samu daga ruwa ce mafi muni ba. A jihar nan muna da kwal a Maiganga, ƙaramar hukumar Akko. Haƙar kwal a fili sai an yaye ƙasar sama gaba ɗaya, kuma sinadarin da ke cikinsa idan ya haɗu da ruwa da iska yana tsamama ruwan, ga hayaƙi da toka in an ƙone. Dadin Kowa ba ya hayaƙi, kuma shi ke shayar da garin Gombe.

Kai da maƙwabtanka ku bar tazara tsakanin shuka da bakin kogi, ku dasa jema a gaɓar, saiwarta tana nutsawa sosai tana riƙe ƙasa. Ku hana ɗibar yashi a gindin gaɓa. Takin gargajiya ya zama dole tunda lakar ta ragu. Kuma ku haɗu ta hannun mai unguwa da dagaci ku nemi Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ta riƙa sanar da ku ranakun sakin ruwa tun kafin damina ta yi nisa, domin ku san lokacin kwashe injin ban-ruwa da amfanin da ke kusa da kogi.