Me ya sa mai babbar ɗamara a jiyu-jitsu yake shan kaye a hannun sabon shiga?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ban daɗe da fara koyon jiyu-jitsu na Barazil ba, kuma akwai abin da ke ɗaure mini kai. A wurin atisayenmu akwai mai ɗamara ruwan ƙasa, wato matakin da ke dab da baƙar ɗamara ta ƙwararru, wanda in kun kai ƙasa sai ya shaƙe ka kafin ka farga. Amma a tsaye, wani sabon shiga mai farar ɗamara yana ɗaga shi ya nana da ƙasa yadda ya ga dama. Ɗamarar ce bai cancanta ba, ko haka wasan yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗamararsa lafiya lau take. A wannan wasa ɗamara shaida ce ta abin da mutum ke iya yi bayan an kai ƙasa, kuma malamai kaɗan ne ke hana ɗalibi ƙarin girma don bai iya kaye ba. Shi ya sa za ka ga mutum biyu masu ɗamara iri ɗaya, ɗaya ba ya kayuwa, ɗaya ko tura shi ka yi da kyau sai ya zauna. Shi kuwa wancan sabon shigar, ka tambaye shi abin da ya yi kafin ya zo. Zai yi wuya bai ce maka kokawa ko judo ba.

Tushen maganar yana cikin dokar gasa. A ƙa'idar IBJJF, hukumar da ke shirya manyan gasannin wasan, kaye maki 2 ne kacal. Wanda ke kwance ya juya abokin karawarsa ya hau sama, shi ma maki 2 ne. Wuce ƙafafun na ƙasa maki 3, hawa ruwan cikinsa ko kama bayansa maki 4. Sannan an yarda ka riƙe abokin karawarka ka zauna da kanka, ka tare shi da ƙafafu, abin da ake kira jan gad, ba tare da an rage maka komai ba. To, mai neman lambar yabo sai ya yi lissafi: me zai sa ya ɓata shekaru yana koyon kaye, alhali zai iya zama ya samo waɗannan maki 2 ta hanyar da ya fi ƙwarewa? A judo kuwa, kaye mai tsabta a kan gadon baya shi ke nan, an tashi wasa. A kokawa ma bayanka ya manne da tabarma, ka sha kashi. Masu judo da kokawa ba su da hanyar kauce wa tsayuwa.

Abin mamakin shi ne daga judo wasan ya fito. Mitsuyo Maeda, ɗalibin makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a 1882, ya isa Barazil a 1914, kuma a birnin Belem Carlos Gracie ya fara koyo. Gidan Gracie suka mayar da hankali kan faɗan ƙasa. Kayen da suka riƙe shi ne ka matso, ka rungume, ka sa ƙafa ka taɗe, kuma ya ishe su a kan wanda bai san kokawa ba, kamar yadda Royce Gracie ya nuna a gasar UFC ta farko, wadda ta haɗa masu salon faɗa daban-daban, a 1993. Amma tun 1951 an ga iyakarsa a filin Marakana na Barazil, lokacin da gwanin judo Masahiko Kimura ya yi ta buga Helio Gracie da ƙasa kafin ya gama da shi da murɗin hannu.

Sai kuma yadda ake atisaye. Wurare da yawa a durƙushe ake fara karawa, saboda ɗakin ya cika, kuma mutum biyu a tsaye na iya faɗawa kan na kusa da su. Yawancin ɗalibai ma da girmansu suka shigo, suna da aiki washegari, ba mai son gocewar gwiwa. Tsoron ba na banza ba ne, domin akwai kayen almakashi da judo ta haramta bayan ya karya ƙafar zakaran judo Yasuhiro Yamashita a 1980, kuma IBJJF ma ta hana shi. Sai mutum ya shekara takwas yana wasan, amma in aka tara lokacin da ya yi a tsaye, bai kai na yaron da ya yi kokawar makaranta shekara ɗaya ba. IBJJF da kanta ta san da wannan tazara, shi ya sa ba ta barin mai baƙar ɗamarar judo ya shiga gasa a rukunin masu fara.

Inda doka ta canza, mutane ma sukan canza. A gasar ADCC, wadda aka fara a Abu Dabi a 1998, ana rage wa mai jan gad maki da zarar an shiga lokacin ƙirga maki, kuma kayen da ya ajiye ka bayan ƙafafun abokin karawa maki 4 ne. A can ne Nick Rodriguez, tsohon ɗan kokawa, ya zo na biyu a ajin masu nauyi a 2019 yana da shuɗiyar ɗamara, wadda ke bin fara, bayan ya ratsa ta cikin masu baƙa.

Su ma gwanayen kayen kowa da lagonsa. Ɗan judo a miƙe yake tsayawa, ƙarfinsa a riƙon riga, in aka cire rigar sai ya ɗan rikice. Wasu kayen nasa suna sa ya juya baya, wanda a jiyu-jitsu kyautar maki 4 ce in kayen bai ci ba. Matasansu kuma ba su saba tare mai kai hari ƙafa ba, tun da judo ta fara hana kama ƙafa a 2010. Ɗan kokawa shi kuma yakan cusa kai gaba, wuyansa ya faɗa cikin shaƙa. Nauyi ma na da nasa: manyan mutane sun fi tsayawa, don ba mai son ƙato ya danne shi, ƙanana kuwa sau tari dukansu biyu ke rige-rigen zama.

Ni ba na raina jan gad, dabara ce halattacciya. Abin da ba na so shi ne mutum ya zauna don ba shi da wata mafita, musamman in kare kai ko faɗan MMA, mai haɗa naushi da kokawa, ne ya kawo shi, inda kwanciya a ƙasa ke jawo naushi.

Kai da ka fara yanzu, soma da koyon faɗuwa, haɓa a ƙirji, kada ka tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Daga nan sai faɗan riƙo, domin wanda ya riga samun riƙon da yake so shi ke kayarwa. Kaye biyu sun ishe ka a yanzu, ɗaya na ɗaukar ƙafa guda, ɗaya na taɗiya, ka yi ta maimaita su a hankali da abokin da ka yarda da shi. Ka nemi izinin malaminku ku riƙa fara wasu zagayen a tsaye in akwai fili. Wancan mai farar ɗamarar kuma, ka tare shi bayan darasi ya nuna maka yadda yake tsayawa da inda yake ajiye kansa.