Sankarar ɓargo da hoton hanta: Amsoshin tambayoyinku

Likita, sikanin ciki da ake shafa wa mutum mai yana ƙona jiki?

A'a. Da sauti yake aiki, masu juna biyu ma ana yi musu.

An rubuta min MRI, amma akwai ƙarfe a ƙafata tun haɗarin mota.

MRI da maganaɗisu mai ƙarfi yake ɗaukar hoton cikin jiki, don haka ka faɗa wa masu ɗaukar hoton kafin ka shiga ɗakin, su za su tantance ko irin ƙarfen yana hanawa.

Babana yana fama da myeloma, wato sankarar ɓargo. Idonsa ya yi rawaya, sikanin ya nuna ƙulli-ƙulli a hanta, an ce sai an tsakuro ɗan naman da allura. Dangi sun ce shawara ce, wai allura tana tayar da daji, har sun fara ɗura masa jiƙo.

Allah ya ba Baba lafiya. 'Yata, a daina jiƙon nan yau, ba gobe ba! Hantar da ke wahala ita za ta tace sassaƙen da ba wanda ya san awonsa, ƙodar da myeloma ta riga ta raunana kuma ita za ta fitar da shi. Abin yana min ciwo matuƙa.

Myeloma sankara ce ta ƙwayoyin ɓargo masu haɗa garkuwar jiki. Ƙashi da ƙoda ta fi taɓawa, amma takan kai ga hanta. Wani lokaci takan bazu ko'ina, hanta ta kumbura, sikanin bai ga komai ba. Wani lokaci kuma ta taru wuri-wuri, ta fito kamar baƙaƙen ɗigo a hoton. To, sankarar hanji ko ta huhu da ta yaɗu haka take fitowa, ƙurji mai mugunya ma yakan yi kama. CT (hoton X-ray na kwamfuta) da MRI suna ƙara fayyace girma da yawan ƙullin, amma ba kullum suke tabbatar da ko mene ne ba. Sai an duba ɗan naman a madubin awo, kuma maganin kowanne daban.

Allurar siririya ce, ana kashe zafin wurin, sikanin na nuna hanya. Ba ita ke tayar da daji ba. Abin da ake tsoro zubar jini ne, shi ya sa ake fara awon daskarewar jini.

In za a yi CT mai allurar rini, ku ce yana da myeloma, a fara auna ƙoda. Kada a saya masa diclofenac ko ibuprofen a kemis, kada wanzami ya yi masa tsaga a ciki. Ku mayar da shi wurin likitan jini a makon nan. In ya fara ruɗewa, ko aman jini, ko fitsari ya ragu, ko da tsakar dare ne a kai shi asibiti.